Daga Randa Zuwa R-600a: Tarihin Iskar da Ke Cikin Firjinmu

A goman ƙarshe na wani azumi da ya faɗo cikin bazara, firjin gidana ya daina sanyi. Wanda ya san zafin Gure ya san wannan ba ƙaramin rashi ba ne, balle ga gidan da uwargida ke ƙulla ƙanƙara da zoɓo tana sayarwa da la'asar don a rage kuɗin cefane. Na sa aka ɗora shi a amalanke zuwa wurin wani mai gyara. Wanda ya tarbe ni tsohon ɗalibina ne, yaro mai ladabi da ya tsaya a aji shida ya shiga koyon sana'a. Ya shafa ruwan sabulu a jikin bututun baya, sai ga kumfa tana tasowa. Ya ce: "Mushe, gas ne ya tsiyaye."

A kusurwar shagon akwai tukwanen gas uku, koriya da shuɗiya da mai ruwan hoda, ga kuma ƴan ƙananan gwangwanaye masu tambarin harshen wuta. Na tambaye shi bambancinsu. Ya ce duk sanyi suke yi, wannan dai ya fi tsada, wancan kuma maigida ya ce kada a kusanta shi da wuta. Dalili kuwa bai sani ba. Ban ga laifinsa ba, domin ni da na koyar da shi ban taɓa gaya masa ba, ni ma a lokacin sanina bai taka kara ya karya ba.

Kowace tukunya a cikin waɗancan tana da tarihinta. An ƙirƙiro kowace iska ne don a gyara ɓarnar wadda ta gabace ta, kuma kowacce ta zo da nata aibin da ba a gani ba sai daga baya. Yanzu an shiga wani sabon zagaye, wanda nauyinsa zai faɗo a hannun yara irin wannan ɗalibi nawa. Shi ya sa nake ganin ya kamata malamai da iyaye mu san labarin tun daga tushe.

Abin da randa ta riga ta sani

Firji ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa ya kai waje. Kakanninmu sun san wannan dabara ko da ba su rubuta ta a allo ba. Randar da maginan Mirriya ke ginawa tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, shi kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Abin da ya rage a cikin randa sai ya yi sanyi. Haka salkar da matafiya ke ratayawa a jikin raƙumi ko a gefen babbar mota take aiki, haka kuma zufa take yi mana.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan muke kira kilim, wannan hanya suke bi, sai dai maimakon ruwa suna amfani da wani sinadari mai tafasa tun yana da sanyi ƙwarai. R-600a, misali, yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili, R-22 kuwa a wajen digiri 41 ƙasa da sifili. Yana tafasa a cikin bututun da ke ciki, ya ɗebe zafin abinci ko na ɗaki. Sai injin matsawa, wannan baƙar tukunya mai gurnani a bayan firji, ya matse tururin ya tura shi bututun waje, inda zai sauke zafin ya koma ruwa. Haka yake zagayawa shekara da shekaru. Ba ya ƙarewa kamar man fetur. Idan aka ce gas ya ƙare, to wani wuri ne ya huje.

Zamanin guba da wuta

A 1834 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Jacob Perkins, ya yi rajistar injin farko mai bin wannan zagaye, da sinadarin eta mai saurin kama wuta. A 1859 Bafaranshe Ferdinand Carré ya fito da inji mai amfani da amoniya, sannan a cikin shekarun 1870 Bajamushe Carl von Linde ya inganta injin amoniya har ya zama abin dogaro ga masana'antu. A 1902 Willis Carrier ya haɗa na'urar da ake ɗauka uwar kilim ta zamani, kuma ba don jin daɗin mutane ya yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a birnin New York laima ke ɓata mata takarda.

Da firji ya fara shiga gidaje a Amurka cikin shekarun 1920, iskoki uku ne suka fi yawa a cikinsa: amoniya, da iskar farar wuta, da wani sinadari mai lamba R-40. Dukansu guba ne. Na farko biyu suna da wari mai tsanani da ke korar mutum, amma R-40 warinsa kaɗan ne, yana iya tsiyaya da dare mutanen gida suna barci. A 1929 mutane da dama sun mutu a birnin Shikago ta wannan hanya, har jama'a suka fara tsoron sayen firji.

Wani reshe na wannan zamani ya iso ƙasarmu. A 1922 wasu ɗalibai biyu a Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, sun ƙirƙiro firjin da ba shi da inji, ɗan harshen wuta ne kawai ke motsa amoniyar da ke cikinsa. Kamfanin Electrolux ya yaɗa shi a duniya. Shi ne firji mai kananzir da dattawanmu suka sani a asibitocin karkara, inda ake ajiye allurar rigakafi tun kafin wutar lantarki ko faifan hasken rana su iso.

Iskar da aka ce ba ta da aibi

A 1928 kamfanin General Motors, mai firjin Frigidaire, ya ɗora wa wani masanin sinadarai, Thomas Midgley, aikin nemo iskar da ba guba ba ce kuma ba ta kama wuta. Shi da abokin aikinsa Albert Henne suka dace da wani haɗi na kabon da kulorin da fulorin, dangin da ake taƙaitawa da CFC. A 1930, a gaban taron masana, Midgley ya zuƙi iskar ya cika huhunsa, sannan ya hura ta a kan kyandir mai ci, kyandir ya mutu. Da numfashi ɗaya ya nuna ba ta kisa kuma ba ta ci da wuta. Aka haɗa gwiwa da kamfanin DuPont aka fara sayar da ita da sunan Freon. Lambarta R-12.

Gaskiya ne ta ceci rayuka. Firji ya zama abin da ake ajiyewa kusa da yara ba tare da fargaba ba. CFC ya shiga kilim ɗin mota, da gwangwanin turare da na maganin sauro, da soson katifa. Ƴar'uwarsa R-22 kuma ta mamaye kilim ɗin gidaje. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 duniya tana sarrafa kusan tan miliyan ɗaya na CFC kowace shekara.

Abin da ya sa aka so shi, shi ne kuma aibinsa: ba ya haɗuwa da komai. Ruwan sama ba ya wanke shi, ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa. R-12 yana iya yin kusan shekara 100 a sararin sama. Fiye da shekara 40 ba wanda ya tsaya ya bi sawun inda yake tafiya bayan ya fita daga bututu. Midgley kansa ya rasu a 1944 bai san komai a kan haka ba. Shi ne kuma mutumin da ya gano sa darma a cikin man fetur a 1921, abin da duniya ba ta gama rabuwa da shi a motoci ba sai a 2021.

Ɓula a cikin laima

A tsakanin kilomita 15 zuwa 35 sama da kanmu akwai wata iska mai suna ozon, wadda Allah ya shimfiɗa kamar laima. Ita ke tare mafi yawan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke kawo ciwon dajin fata da yanar ido, ya kuma cutar da shuka. Mu da muke rayuwa a ƙarƙashin ranar Sahel, manoma da makiyaya da ƴan'uwanmu zabiya da fatarsu ba ta jure rana, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan amfanin inuwa.

A farkon shekarun 1970 wani Bature ɗan Ingila, James Lovelock, ya auna iska a tsakiyar tekun Atlantika, nesa da kowace masana'anta, ya tarar da CFC a ko'ina. A 1974 masana biyu a jami'ar Kalifoniya, Sherwood Rowland da Mario Molina ɗan Meziko, suka bayyana abin da ke faruwa. CFC yana hawa sannu a hankali har ya wuce cikin laimar, can hasken rana ya fasa shi, kulorin ya kuɓuce. Ƙwayar kulorin ɗaya tana iya ruguza ƙwayoyin ozon har dubu 100 kafin ta bar wurin. Kamfanoni suka yi ta musu suna cewa lissafi ne kawai a takarda. Duk da haka Amurka ta hana sa CFC a gwangwanayen feshi a 1978.

Hujjar da ta kashe bakin kowa ta zo a watan Mayun 1985. Wasu Turawan Ingila uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, waɗanda hukumarsu ta daɗe tana auna sama a tashar Halley da ke Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, suka wallafa cewa ozon yana raguwa sosai a can duk watan Oktoba. Wannan ne aka kira ramin ozon. Abin lura ga malamai: ba wata sabuwar na'ura mai tsada ce ta gano shi ba. Awo ne da aka riƙa rubutawa a littafi tun shekarun 1950 ba fashi. A 1995 Rowland da Molina, tare da Paul Crutzen, suka sami kyautar Nobel.

Montiriyal da rabon Nijar

Ranar 16 ga Satumba 1987, a birnin Montiriyal na Kanada, ƙasashe 24 da tarayyar Turai ta lokacin suka sa hannu a kan yarjejeniyar rage waɗannan iskoki. Biyar daga cikinsu na Afirka ne: Masar, Gana, Kenya, Senegal da Togo. Wanda ya ja ragamar tattaunawar ma ɗan Afirka ne, Mostafa Tolba na Masar, shugaban hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin. Najeriya ta shiga a 1988, Nijar a 1992. A 2009 ta zama yarjejeniyar da kowace ƙasa ta Majalisar ta amince da ita.

Abin da ya sa ta yi aiki shi ne an yi adalci wajen rabon kaya. Ƙasashe masu tasowa sun ce ba su suka ɓula laimar ba, don haka ba za a hana talakansu firji ba. Aka ba su jinkirin shekara goma, sannan a taron Landan na 1990 aka kafa asusu wanda ƙasashe masu arziki ke zubawa, don a biya kuɗin sauya masana'antu da horar da masu gyara da jami'an duwan. Ƙasashe masu arziki suka daina CFC a 1996, masu tasowa a 2010. Ita R-22, wadda ɓarnarta ga ozon ba ta wuce kashi biyar zuwa shida cikin ɗari na CFC ba, an bar ta a matsayin gada. A 2007 aka tsara mata nata wa'adi: ga ƙasashe irin namu, a tsayar da ƙaruwarta a 2013, a rage kashi 35 cikin ɗari a 2020, kashi 67.5 a 2025, a gama da ita a 2030, in ban da ɗan abin da za a bari don gyaran tsofaffin na'urori har 2040.

Ke nan koriyar tukunyar da na gani a shagon ɗalibina kwanakinta ƙidayayyu ne. Nijar ba ta sarrafa ko ɗaya daga cikin iskokin nan, duk shigo da su ake yi, kuma abin da aka yarje a shigo da shi yana raguwa. Duk mai kilim ɗin R-22 ya sa ran tsada da ƙaranci.

Laimar kuwa ta fara warkewa. Rahoton masana da aka fitar a Janairun 2023 ya ce idan aka ci gaba a haka za ta koma yadda take a 1980 wajen 2040 a mafi yawan duniya, a Antatika kuma wajen 2066. Ɗalibin da ke aji ɗaya bana zai haura shekara arba'in kafin nan.

An gudu, ba a tsira ba

Iskokin da suka maye gurbin CFC ana kiran su HFC. Babu kulorin a cikinsu, don haka ba sa taɓa ozon. R-134a, mai shuɗiyar tukunya, ya shiga firji da mota. R-410A, mai ruwan hoda, ya shiga kilim. Sai dai gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago, domin suna riƙe zafin duniya fiye da hayaƙin kabon ninkin-ba-ninkin. Kilo ɗaya na R-134a daidai yake da kilo 1,430 na kabon, R-22 da 1,810, R-410A da 2,088. Tsohon R-12 kuwa ya haura dubu goma.

A kawo lissafin gida. Kilim ɗin ɗaki ɗaya yana ɗauke da wajen kilo ɗaya na gas. Litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana ba da wajen kilo 2.3 na kabon. To duk ranar da mai gyara ya kwance bututun kilim ɗin R-22 ya bar gas ya fice, kamar ya ƙona fetur lita kusan 800 ne a cikin ƴan mintoci. Ga shi kuma yawan kilim a duniya ƙaruwa yake yi: hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050. Zafi na sa a sayi kilim, kilim na ƙara zafi. Mu da muka ga bazarar 2024, lokacin da Kayes ta Mali ta kai digiri 48.5 ana cikin azumi, kuma muke kallon tudun rairayi yana cin kwaruruka masu dabino a ƙasar Gure, ba ƴan kallo ba ne a wannan magana.

Ranar 15 ga Oktoba 2016, a Kigali ta Ruwanda, aka yi wa yarjejeniyar gyara don ta haɗa da HFC. Maƙwabciyarmu Mali ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da gyaran, a 2017, ya kuma fara aiki a farkon 2019. An tsara wa rukunin da Nijar ke ciki ya tsayar da ƙaruwar HFC daga 2024, ya rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, ya kai ragin kashi 80 a 2045. Ana sa ran hakan zai kare duniya daga ƙarin zafi da zai iya kai rabin digiri kafin ƙarshen ƙarni. Nijar da Najeriya da Cadi suna cikin ƙasashe 34 da aka amince zafinsu ya yi tsanani, har aka ba su damar neman sassauci a wasu nau'o'in kilim idan babu madadin da ke jure zafin.

An koma inda aka faro

Madadin da ke shigowa kasuwa yanzu uku ne suka fi shafar gidajenmu. Na farko R-600a, ɗan'uwan gas ɗin girki. A 1992 ƙungiyar Greenpeace ta haɗa kai da wani kamfanin firji na tsohuwar Jamus ta Gabas da ke gab da rufewa, suka ƙera firji mai irin wannan gas. Manyan kamfanoni suka yi ta kushe shi, daga baya suka bi sahu. Yau mafi yawan sababbin firjin gida da shi suke zuwa. Na biyu R-32, wanda kamfanin Daikin na Japan ya fara sawa a kilim ɗin gida a 2012. Shi ma HFC ne, amma awonsa 675, wajen sulusin R-410A. Na uku R-290, wato furofen, wanda kamfanin Godrej na Indiya ya fara sayar da kilim ɗinsa a wannan shekarar. Awon R-290 da R-600a bai wuce 3 ba, kuma R-290 ya fi R-410A jure zafin waje irin namu.

Dukansu uku suna kama wuta: R-32 kaɗan, sauran biyun sosai. Bayan kusan shekara ɗari, an dawo kan matsalar da Midgley ya tashi magancewa. Bambancin shi ne yanzu an san yadda ake zama da ita. Gas ɗin da ke cikin firjin gida bai kai giram 150 ba, an kuma killace wayoyinsa yadda tartsatsi ba zai haɗu da shi ba. Miliyoyin gidaje suna amfani da shi lafiya lau. Hatsarin yana tasowa ne ranar gyara. Waɗannan iskoki sun fi iskar da muke shaƙa nauyi, suna kwanciya a ƙasa, kuma ba a sa musu warin gargaɗi kamar na gas ɗin girki ba. Mai gyara da ya saba kunna wutar walda a kan bututun R-134a, idan ya yi haka a kan bututun da ke da ragowar R-600a a cikin ƙuntataccen shago, fuskarsa da hannunsa ne a gaba.

Mu ne a ƙarshen hanya

Kayan sanyi da yawa suna iso mana ne a matsayin ɗan Kwatano, bayan sun gama aiki a Turai, wasu kuma sababbi ne amma samfurin da aka daina karɓa a wata ƙasa. Tarayyar Turai ta hana HFC masu ƙarfi a sababbin firjin gida tun 2015, kuma daga 2025 ta rufe ƙofa ga ƙananan kilim masu R-410A. Abin da aka kora daga can yakan nemi kasuwa a nan. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji daga 2013, saboda shan wutarsu da tsohon gas ɗinsu, kuma ita ce kan gaba wajen kai kukan ƙasashen Afirka a tarukan yarjejeniyar kan jibge mana na'urori masu cin wuta. Araha ba ta ado: abin da aka rage ranar saye, a takardar NIGELEC ake biyansa wata-wata.

Ga kuma jabu. Duk abin da ya yi ƙaranci, ƴan damfara sukan shigo cikinsa. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu. Bincike ya nuna gas ɗin da aka ɗura musu da sunan R-134a an gauraya shi da R-40, gubar nan ta Shikago ta 1929, wadda ke cin ƙarfen alminiyam a cikin inji ta haifar da wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. Launin tukunya da rubutun jikinta ba shaida ba ne idan ba a san inda ta fito ba.

Akwai wata jarabawar da ta fi kusa da mu. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011, gas ɗin girki ya yawaita a jihar Damagaram. Yaro ya ji an ce R-600a ɗan'uwansa ne, sai ya ga me zai hana ya ɗura na girki. Na girki gauraye ne, ba a tace shi don wannan aiki ba, yana iya toshe siririn bututu ya kashe inji. Ɗura gas mai kama wuta a na'urar da ba don shi aka ƙera ta ba kuwa ganganci ne. Haka ma ɗura R-410A a kilim ɗin R-22: ƙarfin matsinsa ya fi da fiye da rabi, kayan ba za su ɗauka ba.

Abin da ya rage gare mu

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Montiriyal da Kigali, a shagon gefen kasuwa ake cika ta ko a karya ta. Akwai ofishin kula da ozon a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli a Yamai, ana kuma shirya horo ga masu gyara. Amma tsakanin Yamai da Gure akwai tafiyar fiye da kilomita dubu, kuma ɗan koyo ba shi ake gayyata taro ba.

Ga iyaye, abin da za a yi ba shi da wuya. Kafin a sayi firji ko kilim, a duba ƴar takardar da ke manne a ciki ko a baya, lambar gas tana nan a rubuce. Kada a sayi mai R-12 ko kyauta ne, mai R-22 ma a yi tunani sau biyu. A hana yara da mata ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, domin bututun gas yana kwance a ƙarƙashin wannan bangon. Idan aka huda shi, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Idan mai gyara ya ce zai ƙara gas, a ce ya fara nemo inda ke tsiyaya ya toshe. Wanda zai kai ɗansa koyon gyaran sanyi kuma, ya tambayi maigidan ko ya san aikin R-600a da R-32, ko yana da abin kashe gobara, ya kuma haɗa wa yaron da cibiyar koyon sana'a idan da hali. Sana'a ce mai gobe, amma ta wanda ya iya karanta lamba da awo.

Ga mu malamai, wannan darasi ne da ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Randa biyu da jiƙaƙƙen yashi sun isa. Wani malami ɗan'uwanmu daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da ke lalacewa cikin kwana uku ya kai kusan wata guda. Ya yaɗa dubban tukwanen a ƙauyuka, ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Yaron da ya auna zafin ciki da na wajen wannan tukunya da hannunsa ya fahimci firji, ya kuma fahimci dalilin da ya sa ɗakin soro da inuwar bedi suka fi ajin kwano sanyi. Ranar 16 ga Satumba, ranar ozon ta duniya, tana faɗowa cikin hutunmu, amma ba abin da ya hana a ba ta awa ɗaya idan aka koma aji a Oktoba, watan da ramin yake a buɗe a Antatika.

Firjina na R-600a ne, ashe. Na koma shagon bayan salla da takarda ɗaya da na rubuta lambobin nan a kai, kowace da abin da take yi da abin da ake tsoro game da ita. Ɗalibina ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa kamar yadda yake yi a aji, sannan ya manna ta a bango sama da tukwanen. Ya ce zai nuna wa maigida. Allah ya tsare mana su, ya sa albarka a sana'arsu.